Tarihin Gentile Bellini, mai zanen da ya ɗauki kamannin Sultan Muhammad al-Fatih

Duk wanda ya taɓa buɗe littafi a kan tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da wuya bai ci karo da hoton nan na Sultan Muhammad al-Fatih ba, wanda ke nuna shi da farin rawani a kan jar hula, da dogon hanci mai lanƙwasa, ya ɗan karkata yana duban gefe daga cikin wata taga.

Hoton dai aikin wani Kirista ne ɗan Italiya mai suna Gentile Bellini, mai zanen fadar hukumar Venis, wanda mahukuntan birninsa suka tura Santambul a shekara ta 1479, 'yan watanni bayan ƙarewar yaƙin shekaru 16 da suka gwabza da sarkin. Bellini ya rayu kusan shekaru 78, ya kuma yi wa fadar Venis hidima fiye da shekaru 30, amma zaman kimanin watanni 16 da ya yi a fadar Sultan shi ne ya fi riƙe sunansa a bakin mutane.

Gidan masu zane

An haifi Gentile Bellini a birnin Venis da ke arewa maso gabashin Italiya a wajejen shekara ta 1429, a zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha da Turawa ke kira Renaissance. A wancan lokaci Venis jamhuriya ce mai cin gashin kanta. Attajiranta ne ke zaɓen shugaba, wanda suke kira Doge, ya kuma riƙe muƙamin har ƙarshen rayuwarsa. Arzikin birnin daga teku yake, kuma kaso mai yawa na cinikinsa da ƙasashen Musulmi yake yi, musamman Iskandariyya da Dimashƙa da tashoshin jiragen ruwa na arewacin Afirka, inda zinariyar Afirka ta Yamma ke isa bayan ta ƙetare Sahara.

Zane sana'ar gado ce a gidansu, kamar yadda ake gadon ƙira ko rini a ƙasar Hausa. Mahaifinsa Jacopo Bellini na cikin manyan masu zanen birnin, kuma ya raɗa wa ɗan nasa sunan maigidansa da ya koya masa aiki, wato Gentile da Fabriano. Ɗan'uwansa Giovanni shi ma a ɗakin aikin mahaifin ya tashi, yayin da 'yar'uwarsu Nicolosia ta auri Andrea Mantegna a shekara ta 1453, wanda daga bisani ya zama mai zanen fadar Mantua.

A yau masana fasaha sun fi ɗaukaka Giovanni, kuma ko da mai zanen nan na Jamus Albrecht Dürer ya zauna a Venis a 1506, Giovanni ya yaba wa a wasiƙar da ya aika gida. To amma a lokacin ƙuruciyarsu Gentile ne hukuma ta fi sani. A 1465 ya zana hoton Lorenzo Giustiniani, babban limamin cocin Venis, wanda har yanzu yana nan da sa hannunsa. A 1469 Sarki Frederick na Uku na daular Jamusawa ya ba shi sarautar jarumi. A 1474 kuma majalisar Venis ta danƙa masa aikin sabunta zane-zanen babban zauren shawara na fadar Doge, ya kuma zama mai zana hotunan shugabannin birnin.

Aiki ne mai ƙa'ida da ba ya barin mai zane ya sake. Akan zana Doge ne ta gefe, kamar hoton da ke jikin kwabo, sanye da hular mulki da alkyabba mai zaren zinariya, fuska a ɗaure. Muƙamin ake son a gani kafin mutumin. Bellini ya ƙware a kan haka, domin mutum ne mai kaifin ido da haƙurin bin layin hanci da haɓa da tamojin fuska ba tare da ya ƙawata ba.

Daga fagen yaƙi zuwa fada

Sultan Muhammad na Biyu ya ci birnin Ƙusɗanɗiniyya ranar 29 ga watan Mayun 1453 yana da shekaru 21, ya mayar da shi cibiyar mulkinsa. Shekaru 10 bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da Venis a kan tsibirai da tashoshin ciniki na ƙasar Girka da Albaniya. Venis ce ta ji jiki. Ta rasa tsibirin Negroponte a 1470, kuma a yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla a watan Janairun 1479 ta sallama birnin Shkodra, ta kuma amince za ta riƙa biyan tsabar zinariya ducat 10,000 kowace shekara domin 'yan kasuwarta su ci gaba da harka a ƙasashen Sultan.

A watan Agustan wannan shekara wani manzo Bayahude ya iso Venis daga Santambul ɗauke da buƙatar Sultan: a aiko masa da ƙwararren mai zane wanda ya iya fitar da kamannin mutum. Ba wannan ne karon farko da sarkin ya nemi irin wannan ma'aikaci daga Italiya ba. Tun a 1461 mai mulkin Rimini ya tura masa Matteo de' Pasti, amma jami'an Venis suka kama shi a tsibirin Kirit bisa zargin leƙen asiri, suka mayar da shi. A wannan karon, Venis ɗin da ta tare hanya a baya ita ce ta zaɓi babban mai zanenta ta ɗora a jirgi. Bellini ya tashi a farkon watan Satumba, Giovanni kuma ya gaji aikinsa a fadar Doge.

Tambayar da masana tarihi suka daɗe suna yi ita ce, me sarki Musulmi, jagoran jihadi, ke nema da hoto? Abin da aka sani shi ne, Muhammad al-Fatih ya ɗauki kansa magajin sarakunan Rum, ya tara littattafan Larabci da Farisanci da Girkanci a fadarsa, ya kuma sa an fassara masa littafin Batlimus na labarin ƙasa zuwa Larabci. Ya kuma fahimci yadda sarakunan Italiya ke aika hotunansu da lambobin tagulla masu ɗauke da fuskokinsu zuwa fadojin juna, kamar yadda ake aika wasiƙa da hatimi. Sarkin da ke da burin faɗaɗa mulkinsa zuwa yamma yana buƙatar fuskar da mutanen yamma za su gane, a cikin salon da suka saba girmamawa.

Abin lura a nan shi ne, a daidai lokacin da Bellini ke haɗa fenti a fadar Topkapi, dakarun Sultan sun yi wa tsibirin Rodos ƙawanya, a ƙarshen watan Yulin 1480 kuma suka sauka a ƙasar Italiya kanta, a watan Agusta suka kama garin Otranto. Venis ba ta ce uffan ba, abin da ya jawo mata zargi daga sauran ƙasashen Kirista.

Hoton 25 ga Nuwamba

Rubutun Latin da ke ƙasan hoton ya nuna an kammala shi ranar 25 ga watan Nuwamban 1480. Ba babba ba ne, tsawonsa kimanin santimita 70, faɗinsa 52. Bellini ya bar salon gefe da ya saba yi wa shugabannin Venis, ya juyo da sarkin kaɗan yadda za a ga idanunsa biyu. Ya sanya shi cikin wani bakan gini mai sassaƙa irin na Venis, ya shimfiɗa ƙyalle mai ado da duwatsu masu daraja a gabansa, kamar dai talakawa na hangen sa ta tagar bene. A sama akwai kambi uku a dama, uku a hagu, waɗanda galibi ake fassarawa da daulolin da ya haɗa a ƙarƙashin ikonsa: Girka da Tarabzun da Asiya. Rubutun ya kuma kira shi wanda ya ci duniya da yaƙi.

Amma fuskar da ke tsakiyar wannan ado ba ta mayaƙi ba ce. Sarkin na da shekaru 48 a lokacin, ciwon gaɓoɓi ya riga ya ci ƙarfinsa, kuma hoton ya nuna mutum kodaɗɗe, idanu sun faɗa, ya yi shiru cikin tunani. Bellini bai yi masa kara ba, kuma babu alamar sarkin ya nemi a yi masa. Ƙasa da watanni 6 bayan haka, ranar 3 ga Mayun 1481, Sultan ya rasu a sansaninsa kusa da Gebze a farkon wata tafiyar yaƙi.

Ba hoton sarki kaɗai Bellini ya yi ba. Ya tsara lambar tagulla mai ɗauke da kan Sultan. Giovanni Maria Angiolello, wani ɗan Italiya da aka kama a Negroponte ya kuma yi shekaru yana hidima a fada, ya rubuta cewa sarkin ya sa shi zana birnin Venis da mutane da dama na fada. Gidan tarihi na Birtaniya na riƙe da zanen alƙalami na wani sojan Janisari da na wata mata, dukkansu a zaune a ƙasa, waɗanda ake dangantawa da shi. Akwai kuma ɗan ƙaramin hoton wani matashi mai rawani da ya duƙufa yana rubutu a kan gwiwarsa, wanda ke gidan tarihin Isabella Stewart Gardner a Boston ta Amurka. Wasu masana na ba Bellini wannan aiki, wasu kuma na ba Costanzo da Ferrara, wanda shi ma ya yi aiki a fadar. Ko ma wane ne ya zana shi, hoton ya yi tafiya har ƙasar Farisa, aka liƙa masa rubutun Farisanci, masu zanen can kuma suka kwaikwaye shi. A Santambul ma tasirin baƙin ya fito fili a hoton nan na Sultan yana zaune yana sansanar fure, wanda ake dangantawa da Sinan Bey ko almajirinsa Shiblizade Ahmed.

A watan Janairun 1481 aka sallami Bellini da takardar yabo, da sarauta, da sarƙar zinariya. Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a 1550, ya ce nauyin sarƙar ya kai na tsabar zinariya 250.

Akwai wani labari da ya yi ta yawo a littattafan Turai, cewa wai Bellini ya nuna wa Sultan zanen yankakken kai, sarkin ya ce wuyan bai yi daidai ba, nan take ya sa aka fille kan wani bawa domin ya nuna masa, shi kuma mai zanen ya tsorata ya nemi komawa gida. Carlo Ridolfi ne ya yaɗa labarin a littafinsa na 1648, shekaru 167 bayan dawowar Bellini, kuma babu wanda ya ambace shi a cikin waɗanda suka zauna a fadar. Abin da labarin ya fi nunawa shi ne irin kallon da Turawan ƙarni na 17 ke yi wa Turkawa.

Angiolello ya kuma ce Sultan Bayazid na Biyu, wanda ya gaji mahaifinsa, mutum ne mai tsantseni da bai ga dacewar ajiye hotunan ba, don haka ya sa aka kai su kasuwa aka sayar, 'yan kasuwar Italiya suka saye da dama. Ana kyautata zaton ta haka ne hoton ya koma Venis.

Kano a wannan zamani

A shekarar da yaƙin Venis da Turkawa ya ɓarke, wato 1463, a cikinta ne Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano bisa lissafin da aka ɗora a kan littafin Tarihin Kano, ya kuma yi mulki har 1499. Ashe ke nan shi da al-Fatih sun yi zamani na shekaru 18. Dukkansu biyu sun gina sabuwar fada, sun faɗaɗa kasuwa, sun jawo malamai daga nesa, sun kuma ƙirƙiro al'adun da ke ƙara wa sarauta kwarjini. Tarihin Kano ya lissafa kakaki da figini da takalman gashin jimina a cikin abubuwan da Rumfa ya fara.

Amma babu wanda ya san kamannin Rumfa. Fadar Kano ba ta ajiye mai zanen fuska ba. Aikin da Bellini ke yi da buroshi, a nan maroƙa da makaɗan fada ne ke yin sa da kirari da jerin sunayen sarakuna, malamai kuma da alƙalami. Baƙon da Rumfa ya karɓa daga ƙetare, Shaihu Muhammad bn Abdulkarim al-Magili na Tilimsan, wanda ya zo Kano a wajejen 1492, risala ya rubuta masa a kan abin da ya wajaba ga sarakuna.

A unguwar Madabo da ke cikin ganuwa, inda zuriyar malaman Wangarawa suka kafa zaurukan fiƙihun Malikiyya, aka kuma daɗe ana karantar da Muhtasar na Halil, batun hoto yakan taso ne a babin walima, wajen lissafa uzurorin da ke ɗauke wa mutum wajibcin amsa gayyata. Masu sharhi na mazhabar sun bambanta tsakanin surar mai rai cikakkiya mai inuwa, wato gunki ko sassaƙe, wadda suka haramta, da zane a kan takarda ko ƙyalle, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi a wurinsu, ko da yake ba su ƙarfafa yin sa ba. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa. Wannan saɓani na cikin dalilan da suka sa zanen fuskar sarakuna ya bunƙasa a wasu fadojin Musulmi, kamar na Turkiyya da Farisa da Indiya, galibi a cikin littattafan da ake ajiyewa a taska, bai kuma samu gindin zama a wasu ba. Sai da kyamara ta iso a farkon ƙarni na 20 aka fara samun kamannin sarakunan Kano na haƙiƙa. Don haka hotunan da ake liƙawa a littattafan makaranta da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ko Sarauniya Amina ta Zazzau ƙirƙira ce ta masu zanen baya-bayan nan, saɓanin na al-Fatih da aka yi yana raye.

Shekarunsa na ƙarshe

Bellini ya yi shekaru 26 a Venis bayan dawowarsa. Ya koma aikin babban zauren fadar Doge tare da ɗan'uwansa, sai dai gobarar da ta tashi a fadar a 1577 ta cinye zane-zanen baki ɗaya. Wannan na cikin abubuwan da suka rage masa daraja a idon na baya, domin ayyukan da mutanen zamaninsa suka fi yaba masa a kansu babu wanda ya sake ganinsu.

Abin da ya tsira shi ne manyan zane-zanen da ya yi wa ƙungiyoyin addini na birnin. A 1496 ya zana jerin gwanon masu ibada a dandalin San Marco, a kan ƙyallen da faɗinsa ya haura mita 7, da ɗaruruwan mutane a ciki. Ya bi gine-ginen dalla-dalla, har masana na komawa ga zanen domin sanin yadda adon fuskar cocin yake kafin a sauya shi. A wani zanen na 1500, wanda ke nuna taro a gadar San Lorenzo, ana iya ganin wani baƙar fata ɗan Afirka tsaye a bakin ruwa yana shirin faɗawa. A wajejen wannan lokaci ne kuma ya zana Caterina Cornaro, tsohuwar sarauniyar Ƙubrus, da ƙibarta da shekarunta yadda suke.

Aikinsa na ƙarshe, wanda ya fara a 1504, yana nuna Markus, waliyyin da mutanen Venis suka ɗauka majiɓincin birninsu, yana wa'azi a Iskandariyya. Ya cika dandalin da hasumiyoyi da masu rawuna da mata cikin farin lulluɓi da raƙuma har da raƙumin dawa, ga kuma wani mutum a sahun gaba sanye da jar riga da sarƙar zinariya a ƙirji, wanda ake ɗauka shi ne Bellini da kyautar Sultan. Bai kammala shi ba. A wasiyyarsa ya bar wa Giovanni littafin zane-zanen mahaifinsu bisa sharaɗin ya ƙarasa aikin, kuma ya ƙarasa. Zanen na gidan tarihin Brera a Milan. Bellini ya mutu ranar 23 ga Fabrairun 1507, aka binne shi a cocin Santi Giovanni e Paolo.

Makomar hoton

A 1865 Austen Henry Layard, Baturen Ingilan da ya haƙo kufan Nainawa, birnin mutanen Annabi Yunusa, ya sayi hoton Sultan a Venis. Daga baya shi kansa ya zama jakadan Birtaniya a Santambul. A 1916 hoton ya shiga hannun gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan bisa wasiyyarsa.

Sai dai ya iso a jigace. Binciken ƙwararru ya nuna cewa fentin asali ya goge a wurare da dama, musamman a fuska, kuma masu gyara na ƙarni na 19 sun sake shafe mafi yawan jikin sarkin. Bakan ginin da ƙyallen ado ne suka fi tsira. Kamannin dai sun yi daidai da na lambobin tagullar da aka buga a zamaninsa, amma launin fata da taushin idanun da mai kallo ke gani a yau, kaso mai yawa nasu ba hannun Bellini ba ne.

Hakan bai hana Turkawa rungumar sa ba. Ya shiga littattafan makaranta, ya kuma fito a bayan takardar kuɗi ta lira 1,000 da aka fitar a 1986. A 1999 an kai shi Santambul aro na ɗan lokaci, a 2005 da 2006 kuma aka baje kolinsa tare da sauran ayyukan Bellini na gabas a Boston da Landan. A watan Yunin 2020 hukumar birnin Santambul ta sayi wani hoton na daban a gwanjon kamfanin Christie's a Landan a kan fam 770,000. Hoton, wanda ake dangantawa da ɗakin aikin Bellini, yana nuna Sultan fuska da fuska da wani matashi mai rawani, wanda wasu ke cewa ɗansa ne Jem, wasu kuma na ganin wani bafade ne ko baƙo daga Venis.